Yadda ake tantance littafin jarumta da almara na matasa kafin a kai shi ɗab'i

Labarin da ake nufi a nan shi ne wanda yaro ko yarinya mai shekara 13 zuwa 18 ke barin gida, a shiga daji ko wata duniya, a gamu da aljanu da dodanni da matsafa, a dawo da abin da aka je nema ko a dawo da hasara. Masu sayar da littattafai kan jera shi tare da littattafan yaƙi. Tsohon gida ne a rubutun Hausa: daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda tafiyar neman ruwan magani ce, da Ganɗoki na Bello Kagara, wanda jaruminsa ya kai har ƙasar aljanu. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, mutumin Bauchi, shi ma daga gasar ya fito, da yaron da aka raba da uwarsa da doguwar tafiyar sahara.

Yau marubuta da yawa a Bauchi da Gombe suna sakin irin wannan labari feji-feji a WhatsApp da Wattpad, daga baya su so mayar da shi littafi. Wannan jagora na wanda aka miƙa wa rubutun ne aka ce ya duba: malamin Hausa, ɗan ƙungiyar marubuta, ko marubucin kansa bayan ya ajiye aikin ya huce.

Shiri da karatun farko

A buga rubutun a takardar A4, gefe ɗaya, da tazara tsakanin layuka da lambar shafi. A waya ido yana zamewa a kan maimaici, a takarda kuwa yana kama shi. Ka tanadi fensir, biro ja, da littafin rubutu mai shafi 40.

Karatun farko na jin daɗi ne, kada ka gyara ko harafi ɗaya. Alama biyu kawai za ka riƙa yi a gefen shafi: gicciye a duk inda hankalinka ya tafi wani wuri, da ɗigo babba a inda ka kasa ajiye takardar. In ka gama, ka duba inda gicciyen suka taru. In a shafuka 10 na farko ne, yawanci marubucin ya buɗe da tarihin masarauta da jerin sarakunanta kafin a ga jarumin. In a tsakiya ne, to cikas iri ɗaya ake ta maimaitawa: dodo ya fito, an kashe shi, an ci gaba, wani dodon ya fito. Wuraren ɗigon kuma ka riƙe su da kyau, su ne ƙarfin littafin, kuma su za ka hana marubucin ya taɓa lokacin gyara.

Jimla ɗaya

Rubuta labarin duka a jimla ɗaya mai amsa abu 4: wane ne, me yake nema, me zai rasa in bai samu ba, kuma zuwa yaushe. A ɗauki misali: yarinya 'yar shekara 15 daga wani ƙauye a gindin Dutsen Mbula na Dass za ta karɓo muryar ƙanenta daga hannun sarauniyar ruwa da ke ƙarƙashin kogin Gongola kafin ruwan farko ya sauka, in ba haka ba ya zauna bebe. In jimlar ta ƙi haɗuwa, laifin na littafin ne. Abin da ya fi ɓacewa shi ne wa'adi. Tafiyar da ba ta da wa'adi tana iya kai shafi 400 ba abin da ya matsa wa kowa.

Sai ka nemi shafin da mai karatu ya san waɗannan 4 ɗin. A littafi mai shafi 200, ya kamata a ce an sani kafin shafi na 20.

Rajistar sihiri

Nan ne aikin ya fi yawa, domin abin da ke jawo matasa ga irin wannan littafi shi ne kuma yake kashe shi. Zobe mai kiran aljani, layar zana, takobin da ke magana, tsuntsun da ke ɗaukar mutum: su ne daɗin labarin. Amma da zarar mai karatu ya gane cewa duk ramin da jarumar ta faɗa akwai wani abu a aljihunta da zai fito da ita kyauta, tsoro ya ƙare, in tsoro ya ƙare kuwa ba dalilin juya shafi.

Buɗe shafi biyu a littafin rubutunka ka ja layuka 5 a tsaye. Na farko sunan abin, na biyu me yake yi, na uku me ba ya iya yi, na huɗu me ake biya in an yi amfani da shi, na biyar shafukan da ya bayyana. Ka sake karanta rubutun daga farko kana cikewa. Duk wani iko ya shiga, har da na mugaye: baduhu, sagau, kau-da-bara, maganin ƙarfe irin na 'yan tauri, rikiɗa, ɓacewa.

Layi na uku da na huɗu su ne ke fallasa littafi. In sun zauna fayau babu rubutu, sihirin ba shi da iyaka kuma ba shi da farashi. Tatsuniyoyinmu ba su taɓa yin wannan sake ba. Duk aljanin da ya ba da kyauta sai ya gindaya sharaɗi, kada a waiwaya, kada a faɗa wa kowa, kada a buɗe ƙwarya sai an isa gida, kuma rabin daɗin tatsuniyar yana cikin jiran ranar da za a karya sharaɗin. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. A misalinmu, a ce layar da ke bai wa yarinyar numfashi a ƙarƙashin ruwa tana cinye mata abin tunawa guda duk sanda ta nutse. Nutso na farko ta manta sunan akuyarta, na uku ta manta hanyar rijiyar ƙauyensu. Mai karatu zai fara lissafi da kansa: nutso nawa ya rage kafin ta manta ƙanen da ta zo dominsa? Wannan lissafin ne ke hana shi barci.

Layi na biyar yana nuna cuta 3. Ta farko, abin da ya bayyana a shafin da ake buƙatarsa: an ɗaure jarumar a shafi na 96, a shafin nan kuma aka tuna kakarta ta taɓa ba ta wuƙa mai yanke kowace igiya. Maganinta a dasa wuƙar babi 2 ko 3 kafin nan, a nuna ta tana wani ƙaramin aiki, ko yankan rake ne. Ta biyu, abin da aka manta: an ba da layar zana a shafi na 40, amma a shafi na 120 masu gadi sun kama jarumar tana tafe a fili. Yaro ɗan aji 2 na sakandare zai tambaya ina layar. Ko dai a cire ta daga littafin, ko a nuna ta karye, ko an sace. Ta uku, ikon da ke ƙaruwa babu dalili, jiya da ƙyar ta ɗaga dutse, yau ta tsaga tsauni. Duk ƙarin iko sai an ga inda aka koye shi da abin da ya ci.

Ka ƙirga kuma yawan kayan. Abu 3 ko 4 da aka san ƙa'idarsu sun fi 15 da ba wanda zai riƙe a ka. Kuma kowannensu ya gaza aƙalla sau ɗaya a idon mai karatu.

Akwai batun da ba a tsallake shi a ƙasar nan, wato addini. Littafin da jaruminsa ke zuwa wurin boka, ya yi yanka, ya ci nasara da hakan, iyaye da makarantu da yawa ba za su bari ya shiga hannun yara ba. Wasu marubutan don gudun haka sai su sa jarumi ya yi addu'a a kowane babi, nan take maƙiyi ya narke. Niyyar mai kyau ce, amma ta mayar da addu'a wani kayan aljihu, ta kuma cire ƙoƙari daga labarin. Abin da ke aiki shi ne addu'a ta zama halin jarumar, tana yi tana tsoro, tana yi tana dabara, tana yi tana jin ciwo. In an kawo aya ko hadisi, a kai wa malami ya duba rubutun da fassarar. Sannan ka lura da waɗanda aka mai da matsafa ko masu cin mutane. Masu karanta Hausa a jihohin nan sun haɗa da Tangale, Waja, Tera, Bolewa, Jarawa, Sayawa da Fulani, Musulmi da Kirista. Duk inda aka liƙa mugunta ga ƙabila ko gari na gaske, ka ja jan layi, a ƙirƙiro suna.

Taswira, kwanaki da guzuri

Zana hanyar tafiyar a shafi guda, ka rubuta kwana nawa aka yi tsakanin kowane zango. Mai tafiya a ƙasa yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa, a yini kuma 25 zuwa 30 in da kaya da hutu. Tsakanin Bauchi da Gombe kimanin kilomita 150 ne, tafiyar kwana 5 ko 6 ke nan. In jarumar ta taka shi tsakanin asuba da azahar ba tare da wani iko da ke cikin rajista ba, kuskure ne.

Ruwa shi ne abin da aka fi mantawa. A zafin Maris da Afrilu mai tafiya yana buƙatar lita 3 zuwa 4 a yini, kuma kowace lita nauyin kilo guda ce, don haka gora ɗaya ba ta kai kwana 3. Guzurin da ke jure hanya ƙuli-ƙuli ne da dakuwa da kilishi da garin gero, fura kuwa kwana ɗaya ko biyu ta yi tsami. Farin wata ba ya yin mako 3 a jere, wata yana cika ne wajen daren 14. Gongola da ake iya ratsawa da ƙafa a wasu wurare da rani, a Agusta sai da kwalekwale. In labarin ya ce ana hazo da sanyin hunturu, kada a ga ɗanyar masara a gona sai in fadama ce.

Wannan sashe kuma shi ne inda littafin zai iya yin fice. Marubuta da yawa suna kai labarinsu wata ƙasa mai suna irin na Larabawa ko Farisa da ba su taɓa gani ba, sai daji ya zama "wani ƙurgumin daji" kawai, babu itace mai suna. Alhali a Yankari akwai giwaye da ɓauna, da kogwannin da mutanen zamanin da can suka fafe a jikin dutse, da ruwan Wikki mai ɗumi rani da damina. Akwai zanen da ke jikin duwatsun Geji, da tuddan Tula, da Dutsen Bima. A yankin Kaltungo akwai kububuwa, wadda saranta ke hana jini daskarewa, har dasashi ya riƙa zub da jini. Marubucin da ya sa abokin tafiya ya taka ta, ya kuma nuna abin da ke biyo baya daidai, ya fi mai dodo mai kai 7 tsoratarwa. In ka ga irin wannan sani a rubutun, ka rubuta shi cikin ƙarfinsa.

In an ɗora labarin a wani zamani na tarihi, a duba kayan zamanin. A farkon ƙarni na 19, lokacin Yakubun Bauchi da Buba Yero, Gombe Abba ce hedikwata, garin Gombe na yanzu sai a 1919 ya zama mazaunin sarki. Babu madatsar ruwan Dadin Kowa, babu ashana, kuma ba mai cewa "nan da minti biyar". Da hantsi da azahar da la'asar da almuru ake auna lokaci.

Wa ke tuƙa labarin?

Lissafa manyan juyi 10 na labarin, a gaban kowanne ka rubuta wanda ya jawo shi. In ƙasa da 6 ne suka fito daga shawarar jarumar, to ɗaukarta ake yi. Yawanci mai laifin wani tsoho ne mai farin gemu da ke ɓullowa a duk mararraba ya faɗi hanya. A bar shi ya bayyana sau ɗaya ko biyu, ya faɗi rabin gaskiya, ko ma ya yi kuskure. Cikin shawarwarin jarumar kuma a sami aƙalla guda da ta zama kuskure mai tsada, wanda ya fito daga halinta, gaggawa ko taurin kai ko yarda da wanda bai kamata ba.

Ka duba ko 'yar shekara 15 ce da gaske ko babba ce aka rage wa shekaru. Yaya aka yi ta bar gida, wa ta yi wa ƙarya, wa ke nemanta? Yarinya ba ta fita daga ƙauye ta yi kwana 20 gidan ya yi shiru. Ka saurari yadda take kiran mutane: Inna, Baba, Kawu, Goggo, Yaya, a gidajen Fulanin Gombe kuma Adda, Hamma, Bappa, Dada. Yaron da ke kiran wansa da gatsal sunansa, ko yake yi wa sarki magana ba "ranka ya daɗe", sai in rashin kunyar ce ake son nunawa.

Abokan tafiya gwajinsu mai sauƙi ne. Rufe sunayen masu magana a shafi guda da yatsa, ka ga ko za ka gane wa ke faɗin me. Muguwar kuma ka tambayi me take so, don me. Sarauniyar ruwan da ke tara muryoyin yara domin nata ɗan ya mutu bai taɓa magana ba ta fi wadda ke mugunta don mugunta, kuma tana bai wa jarumar wata hanyar cin nasara ban da sara.

Faɗa

Raunin da ya fi yawa shi ne kumbura lamba: dakaru dubu ɗari tara, sara da suka na kwana 40. Lambar da ido ba zai iya gani ba ba ta tsorata kowa. Mutum 3 a bakin kogo da yarinya mai sanda ɗaya sun isa. A kowane faɗa ka nemi amsar abu 3: ina kowa yake tsaye, me ke hannunsa, me ya sauya bayan an gama. In ba abin da ya sauya, a cire faɗan. Kalma 600 zuwa 900 sun ishi yawancinsu. Raunin da aka ji a babi na 8 ya ci gaba da ciwo a babi na 9, doki ya gaji, kibiya ta ƙare a kwari. Kirari kuwa ado ne na gidanmu, a bar shi, amma layi 4 zuwa 6 kafin a gwabza, kada ya ci shafi.

Harshe

Karanta babi 2 da ƙarfi, domin da yawa za su ji littafin ne a rediyo ko YouTube ko daga bakin yayarsu. Inda numfashinka ya yanke, jimlar ta yi tsawo. Ƙirga sau nawa aka ce "koda jin haka" da "al'amarin da ya" a babi guda, in sun wuce 3 a rage. Sunayen ƙirƙira su zama masu faɗuwa a bakin Bahaushe, kada biyu su fara da gaɓa ɗaya, kuma kada sababbin sunaye su wuce 5 a babin farko. Sai ƙa'idar rubutu: ɓ, ɗ, ƙ da 'y su zauna a wurarensu, a bambanta "ba ta" da "ɓata", a haɗe "yana" da "tana", a raba "shi ne". In daga waya aka kwaso rubutun, a share gaishe-gaishen masoya, da tunin abin da ya faru jiya, da yankewar da aka riƙa yi a ƙarshen kowane feji don a jawo masu bibiya. A littafi babi mai kalma 1,500 zuwa 2,500 ya fi zama daidai.

Ƙarshen labari da rahoto

Koma ga jimlarka ta farko. Tambayar da ke cikinta dole a amsa ta a wannan littafin: an karɓo muryar ko ba a karɓo ba. Ana iya barin wata ƙofa a buɗe don littafi na biyu, amma yanke labari a tsakiyar faɗa da "mu haɗu a kashi na biyu" cin amanar wanda ya sayi littafi ne. Haka ma farkawa a ce ashe mafarki ne. Ka duba kuma ko nasarar ta fito daga abin da ke cikin rajista da abin da jarumar ta koya a hanya, sannan ko farashin ya tabbata. In layar ta cinye mata tunani, kada a mayar mata da shi duka a shafin ƙarshe don tausayi.

Kafin ka rubuta rahoto, ka bai wa matasa 5 ko 6, maza da mata, babi 3 na farko. Kada ka tambaye su ko ya yi daɗi, kunya za ta sa su ce e. Tambaye su me suke zaton zai faru gaba, wa suka fi tsana, ina suka tsallake. In 4 daga cikinsu sun nemi ragowar da kansu, buɗewar ta yi.

Rahoton kada ya wuce shafi 3. Fara da ƙarfin littafin, kowanne da lambar shafinsa, domin "Malama, kin iya labari" ba ya gaya wa marubuciya abin da za ta riƙe, amma "yadda kika nuna tsoronta a bakin kogi a shafi na 57" yana gaya mata. Sannan manyan raunuka, kada su wuce 3, kowanne da shafi da dalili da hanyar gyara guda. Ka haɗa mata da kwafin rajistar da taswirar. Jerin gyaran ya bi wannan tsari: wa'adi da ƙa'idar sihiri tukuna, sannan shawarwarin jaruma, sannan hanya da kwanaki, ƙa'idar rubutu a ƙarshe, tunda babu amfanin gyara ɗigo a babin da za a cire. In rubutun ya dawo bayan gyara, ka buɗe sabuwar rajista ka cike ta daga shafi na 1, domin sauya farashin laya a babi na 3 yakan bar tsohon farashin a babi na 14.